Jan keken da ba na Ilkeston ba: nazarin sayen tsohon keken tsere a Ingila

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bakano ne, ma'aikacin jinya, shekarunsa 43, yana zaune da iyalinsa a wani gari kusa da Nottingham a tsakiyar Ingila. Gidan da ya tashi gida ne da keke ke da daraja. Mahaifinsa yana da baƙin Rali mai birkin sanda da kariya, irin wanda ake ɗora wa buhun gero a kuma goya yaro a gaba, ƙanin mahaifin nasa kuma gyaran keke ce sana'arsa tun yana saurayi. Da aiki ya kai shi Nottingham sai ya tarar a mahaifar Raleigh, kamfanin da ke ƙera Rali, ya sauka. Kamfanin ya daina haɗa keke a garin tun 2002, wani sashe na filin masana'antar ma jami'a ce a kai yanzu, amma tsofaffin ma'aikatanta suna nan da rai, kekunan kuma suna jibge a gareji da rumbunan bayan gida.

A nan ya fara sanin cewa bayan Ralin ɗaukar kaya akwai wani Ralin na tsere, mara nauyi, wanda aka ƙera da hannu. Bambancin yana cikin bututun ƙarfen. A 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da ƙarfen da ya sa wa suna 531, wanda ake yi wa bango siriri a tsakiya da ɗan kauri a baki inda ake haɗi. Keken tsere da aka yi da shi kan tsaya a kilo 10 ko kusa da haka, baƙin Rali kuwa ya kusa ninka wannan. A tsakiyar shekarun 1970 Reynolds ya ƙara fito da 753, wanda ya fi siranta, ba ya jure zafi mai yawa, sai da azurfa ake haɗa shi, kuma ba a sayar wa maƙeri sai ya ci jarrabawar kamfanin. Raleigh ya buɗe ƙaramin sashe na musamman a garin Ilkeston, kusa da Nottingham, a 1974 ƙarƙashin Gerald O'Donovan, nan ake ƙera kekunan ƙungiyar TI-Raleigh masu launin ja da baƙi da rawaya. Da rigar wannan ƙungiya Joop Zoetemelk na Holan ya ci Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 1980.

Wannan jan keken mutumin ya sa a ransa. Bai taɓa hawan irinsa ba, bai ma taɓa ɗaga shi da hannu ba. Hotuna ya gani.

Maris: ciniki a bakin gareji

Ya ga talla: Raleigh na ƙungiya, ƙarfe 753, kayan Campagnolo (kamfanin Italiya mai ƙera kayan keken tsere), fam 600. Ya tuƙa mota kusan awa ɗaya bayan ya taso daga aikin dare. Mai keken ya fito da shi bakin gareji, ana yayyafi, fentin yana ta ƙyalli. Tambarin Reynolds yana manne a bututun sirdi. Giyar baya Campagnolo ce ƙirar Nuovo Record, an buga mata PAT. 78 a jiki, alamar shekarar 1978, sirdin kuma na fata ne, Brooks, ya sha hawa har ya yi duhu. Mai keken ya ce shi ma a hannun wani ya saya, akwai kuma wanda zai zo da yamma da kuɗi a hannu.

Abin da ya duba a ranar bai wuce uku ba: fenti, tambari, da sunan da ke jikin giya. Bai juya keken ya karanta lambar ƙasansa ba. Bai zo da ma'auni ba. Ya ɗaga shi ya ji kamar da ɗan nauyi, sai ya ce wa kansa ai tsohon keke ne. Ya taya 550, aka sallama, ya ƙirga kuɗi hannu da hannu ba takarda. Duka cinikin bai kai minti 20 ba.

Da ya iso gida maiɗakinsa ta tambayi kuɗin, ya faɗa, ya ƙara da cewa na gaske irin wannan ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ta ce, "To Allah Ya sa alheri. Amma kai da kanka kake cewa araha ba ta ado."

Afrilu: kofin da ya ƙi shiga

Feda tana ƙara idan ya taka da ƙarfi, ya yanke shawarar sauya boris da kofunan da ke riƙe su a gidan feda, wato ramin da sandar feda ke juyawa a ciki. Ya sayo sababbi irin na Ingila, waɗanda tiredinsu ke da haƙora 24 a kowane inci, ana kuma ɗaura su a gida mai faɗin milimita 68. Ya kwance tsofaffin, ya shafa giris, ya ɗora sabon kofi. Ya yi zagaye biyu lafiya, a na uku ya cije. Ya fitar, ya goge, ya mayar, ya sake cijewa a daidai wurin. Ya ɗauko sifana zai matsa da ƙarfi, sai ya fasa, ya kira Kano.

Baffan nasa ya sa ya haska masa wurin a waya, ya kuma sa ya jera tsohon kofin da sabon a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, kada ka matsa, za ka cinye tiredin. Wannan ai kofin Rali ne, irin na keken babanka. Kayan Rali sai Rali, na wani keken ba ya shiga." Ya ce, "Baffa, ai wannan ma Rali ne, na tsere." Tsohon ya ce shi dai bai san na tsere ba, amma wannan kofi ya kwance irinsa ba adadi.

Baffa ya yi daidai. Babbar masana'antar Nottingham tana da tiredinta na kanta, haƙora 26 a inci, ta daɗe tana sa shi a kekunan yau da kullum. Kekunan Ilkeston ba sa ɗauke da shi. Mutumin ya sayi ma'aunin kauri mai nuna milimita, ya aro sikeli, a yammaci ɗaya ya auna abin da ya kamata ya auna tun a bakin gareji.

Faɗin gidan feda milimita 71 ne. Sandar sirdi 25.4. Wannan awo na biyu shi ya fi komai magana. Bututun sirdi a irin waɗannan kekuna faɗinsa daga waje 28.6 ne. Idan sandar da ke shiga cikinsa ta kai wajen 27, bangon bai cika milimita ɗaya ba ke nan, ƙarfen tsere ne. Idan 25.4 ce ta cika shi, bangon ya ninka haka, ƙarfen gama-gari ne mai nauyi. Kunnuwan da ake ɗaura tayar baya siraran falle ne da injin ya datsa, ba masu kauri da aka ƙera ba, ba su da ma wurin ɗaura giya, da wani ɗan ƙugiya aka rataya Campagnolon. Nauyin keken kilo 13. A ƙasan gidan feda, inda kekunan Ilkeston ke da lamba mai farawa da SB, ba komai sai fenti. Lambar da ya gano a wani gefen bayan ya kankare da harafin N ta fara, alamar Nottingham.

Keken Raleigh ne na gaskiya, sai dai daga cikin masu araha da kamfanin ya riƙa sayarwa da launin ƙungiyar don samari, kamar wanda ake kira Europa. Wani ne daga baya ya sake masa fenti, ya manna tambarin 753, ya rataya masa kayan Italiya. Irin waɗannan tambura ana buga sababbinsu don masu gyaran tsofaffin kekuna, kowa na iya saya da kuɗi kaɗan.

Mayu: neman a mayar da kuɗi

Ya kira mai keken sau uku. A na farko ya ce haka shi ma aka sayar masa. A na biyu ya ce ai mai saye ya gani da idonsa kafin ya biya. A na uku bai ɗaga ba. An riga an cire tallar, mutumin bai ajiye hotonta ba, ba rasit, ba shaida. Ya bar maganar.

Ya yi tunanin ya gyara keken yadda yake. Wani mai shago ya ce ana iya sake yanka tiredin gidan feda a kuma rage faɗinsa, amma kuɗin aikin ya fi darajar firam ɗin, wato gangar ƙarfen keken, nauyin kuma yana nan. Ya ajiye shi jikin bango wata uku bai taɓa ba.

Abu ɗaya ya yi a wannan tsakani wanda ya amfane shi. Ya fara zuwa kasuwar tsofaffin kayan keke da ake ci lokaci-lokaci a zaurukan ƙauyuka, ba don saye ba. A can ya haɗu da wani dattijo Bature ɗan ƙungiyar Veteran-Cycle Club, wadda ke tara masu kula da tsofaffin kekuna tun 1955. Dattijon ya riƙa ɗauko firam ɗaya bayan ɗaya yana miƙa masa. Ya nuna masa yadda ake ƙwanƙwasa bututu da farce, siririn ƙarfe ya yi amo kamar ƙararrawa, mai kauri ya yi shiru. Ya kama yatsansa ya bi da shi ta ƙarƙashin bututun gaba, daf da wuyan keke, inda ƙarfe ke tattarewa idan an taɓa yin karo da shi. Ido kan rasa wannan tudun, yatsa ba ya rasawa.

Satumba: firam na biyu

A irin wannan kasuwa ya ga firam shuɗi ƙirar Carlton, fentin asali, duk ya ƙoƙe, tambarin 531 ya rage rabi. Carlton kamfanin Worksop ne da Raleigh ya saya a 1960, nan aka riƙa ƙera kekunansa masu kyau har aka rufe wurin a 1981. Mai firam ɗin ya faɗi aibinsa tun kafin a tambaya: sandar sirdi ta kafe, ya yi iya yinsa ta ƙi fita. Fam 120.

Wannan karon mutumin ya shafe minti 40 a tsugune. Lambar ta fara da W, alamar Worksop, adadin farko a cikinta 7 ne, wato 1977. Ɓangaren sandar da ke waje ya auna 27.2. Gidan feda 68. Kunnuwan baya masu kauri ne, an buga musu Campagnolo, tazararsu milimita 120, ta giya biyar. Ba tudu a ƙarƙashin bututun gaba. Ya ɗaura zare daga kunnen baya na dama, ya zagayo wuyan keke, ya dawo na hagu, ya auna ratar zaren da bututun sirdi gefe biyu, bambancin bai kai milimita 2 ba. Ya haska tocila cikin gidan feda, tsatsar sama-sama ce. Tsawon firam ɗin inci 23, daidai da shi. Ya biya 100, ya sa mai shi ya rubuta masa suna da lambar firam a takarda.

Oktoba zuwa Disamba: sandar sirdi

Sandar alminiyam ce, bututun ƙarfe ne. Idan aka haɗa su ba giris, ruwa ya riƙa shiga shekara da shekaru, alminiyam kan yi wata farar tsatsa wadda ta fi shi cin wuri. Ita ce ke kumbura a tsakani ta datse komai kamar an zuba siminti.

Farko ya gwada man sassauta tsatsa. Mako biyu yana ɗigawa ta sama, sannan ya kifa firam ɗin ya zuba ta gidan feda don ya gangaro ta ciki. Ko motsi. Wannan mai yana aiki a kan jan tsatsar ƙarfe, farar kuwa ba ta bar masa hanyar shiga ba.

Na biyu ya ɗaura wani tsohon sirdi ya murɗa da iya ƙarfinsa. Ƙarafan sirdin suka lanƙwashe, sandar tana inda take. Ya kai firam ɗin garejin dattijon, suka matse kan sandar a bais, wato matsewar ƙarfe ta kan tebur, suka kama firam ɗin su biyu suna juyawa. Kan sandar ya tsinke. Dattijon ya ce a tsaya nan, don ƙarfin da zai juya abin da ya rage ya isa ya murɗe bututun.

Na uku shawarar Baffa ce: a gasa wurin da wuta. A kan keken da ya saba da shi, mai sandar ƙarfe, dabarar tana ci. A nan alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, wuta ƙara matse shi za ta yi a lokacin, ta kuma ƙone fentin 1977 da ragowar tambarin. Mutumin ya yi wa Baffa bayani, ya gwada mai sauƙinta: tafasasshen ruwa a bayan bututu, ƙanƙara a cikin ramin sandar. Sau huɗu, ba canji.

Na huɗu zarto. Ya daidaita bakin sandar, ya zura ruwan zarton ƙarfe cikin raminta yana tsaga ta a tsaye. Da ya zura waya ya auna sai ya ga santimita 19 ne a ciki. Dare uku yana yanka, ya tsaga sama, ƙasa ta gagara, don ruwan zarton yana lanƙwasa ya ci baki ya bar ciki. A dare na uku ya ga ɗan jan gari a haƙoran zarton maimakon fari, alamar ya taɓa bututun. Bangon da bai kai milimita ɗaya ba, ba ya ɗaukar kuskure biyu. Ya ajiye.

Na biyar ita ce ta yi: soda mai ƙuna, wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Tana narkar da alminiyam, ba ta cin ƙarfe. Ya cire duk wani abin alminiyam daga firam ɗin, ya toshe bakin sandar da roba, ya naɗe bututun da leda saboda fenti, ya kifa firam ɗin a bayan gida, a fili, ya sa tabarau da safar roba mai tsawo. Sodar ake zubawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta. Ya ɗura haɗin ta gidan feda da mazurari. Cikin minti kaɗan bututun ya ɗau zafi, ya fara tafasa yana fitar da tururi da kumfa mai launin toka. Iskar da ke fita tana kama wuta, shi ya sa ba a yin wannan aiki a ɗaki ko kusa da murhu. Yaransa suna kallo ta taga, ya hana su fitowa. Idan tafasar ta kwanta ya zubar, ya wanke, ya sake haɗawa. Zubi takwas a kwana uku. A na takwas abin da ya rage na sandar ya zama kamar ɓawon albasa, ya zaro shi da filaya. Ya wanke cikin bututun da ruwa mai yawa, ya busar, ya fesa man hana tsatsa. Wani ɗigo da ya kuɓuce wa ledar ya ci fenti kamar faɗin babban yatsa a gefen bututun. Tabon yana nan, na gan shi.

Janairu zuwa Afrilu: haɗawa da hawa

Jan keken ya ba da abin da ke jikinsa na gaske: giyar Nuovo Record, cibiyoyin taya, da sirdin Brooks. Sabon kofin da ya ƙi shiga a Afrilun bara ya shige gidan fedar Carlton da yatsa har ƙarshe. Ya sayi hannuwan feda na Campagnolo na hannu, bayan ya duba gindin rassansu da gilashin ƙara girma, don nan suke tsagewa. Sabuwar sandar 27.2 ta sha giris kafin ta shiga. Bai sake fenti ba, ya wanke ya shafa kakin mota. Da aka gama, sikeli ya nuna kilo 10.3.

Firam ɗin jan keken ya sayar fam 60 ga wani ɗalibi. Ya cire tambarin 753 tukuna, ya rubuta a tallar ko wane irin ƙarfe ne da nauyinsa.

A Afrilu ya bi ayarin masu tsofaffin kekuna kilomita 60 a tsaunukan Derbyshire. A shimfiɗaɗɗiyar hanya keken ya yi masa yadda ya yi fata. A hawa biyu ya sauka ya tura, domin giya mafi sauƙi da yake da ita haƙora 42 ne a gaba da 24 a baya, ƙirar ƙafafun 'yan tsere. Ya sauya firiwil zuwa mai 26, iyakar abin da giyar ke ɗauka ba tare da wahala ba. Keken ya cika sharuɗan L'Eroica, taron hawan tsofaffin kekuna da ake yi a Gaiole ta ƙasar Italiya tun 1997: ƙirar 1987 ko kafin nan, maɓallin giya a bututun ƙasa, feda mai maɗauri, wayoyin birki a waje. Ya ce sai ya iya hawan nan biyu bai sauka ba zai yi rajista.

Jimlar abin da ya kashe a shekara ɗaya da wata ɗaya, bayan cire 60 ɗin da ya dawo, ta kai fam 900 da ɗoriya.

Abin da ya jawo asara da abin da ya yi aiki

A ganina laifin mai sayarwa na farko bai rufe na mai saye ba. Duk abin da ya duba a Maris abu ne da ake iya sauyawa a yini ɗaya: fenti, tambari, giya. Abubuwan da ba sa sauyuwa, wato faɗin sandar sirdi, tiredin gidan feda, kunnuwan baya, lamba da nauyi, suna nan a gabansa a ranar, ma'aunin da zai nuna su bai kai fam 15 ba. Gajiyar aikin dare da maganar wai wani zai zo da yamma sun taimaka, amma babban dalili shi ne bai taɓa riƙe na gaske ba, ba shi da abin kwatantawa a hannunsa. Watannin da ya yi yana ɗaga firam a kasuwa bai saya ba su suka ba shi wannan.

Sayen Carlton ɗin daidai ne, duk da wata ukun da sandar ta ci. Aibinsa a bayyane yake, an rage kuɗi saboda shi, kuma irin aibin da ke da magani ne, ba kamar karo ko tsatsar da ta huda ba. Inda nake ganin ya yi ganganci shi ne bais da zarto. Dukansu sun kusa lalata bututun da ya saya firam ɗin dominsa, ya kuma yi su ne kafin ya auna tsawon abin da ke ciki. Da ya san santimita 19 ne tun farko, da daga mai ya wuce kai tsaye zuwa soda, ko ya kai wa maƙerin firam.

Ilmin Baffa ya yi aiki sau ɗaya ya kuskure sau ɗaya, dalili kuma ɗaya ne: abin da ya sani na baƙin Rali ne. Jan keken ashe ɗan gidansu ne, shi ya sa ya gane kofinsa daga waya. Carlton ɗin mai sandar alminiyam bai taɓa shiga rumfarsa ba. Da mutumin ya aika masa hoton keken a haɗe, abin da ya fara tambaya shi ne ina za a ɗaura kariya. Da aka ce masa ba a sa masa, ya ce to a riƙa zare sandar sirdin duk shekara ana shafa giris. Mutumin ya rubuta wannan a kalandar kicin, a watan Oktoba.